Na Ji Shiru, Ko Lafiya? Darasin Gadin Rumbun Waƙoƙin Mata a Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa a zamanin da ake ba direban mota ya kai, ya san jimlar da ke biyo bayan gaisuwa idan an daɗe ba a ji daga juna ba: "Na ji shiru, ko lafiya?" A wurin Bahaushe shiru tambaya ce, kuma irin tambayar da ke sa mutum ya ɗauki takalminsa. Na yi shekaru ina nazarin harshen da ya haifi wannan jimla, har na rubuta kundin digiri na biyu a fagen adabin baka, amma sai da na yi asarar muryar wata tsohuwa sannan na gane abin da jimlar ke koyarwa. Na ga ya dace in gabatar wa abokan nazari yadda hakan ta faru, domin da yawa daga cikinmu sun bar akwatin kaset sun koma ajiye abin da suka tattaro a kwamfuta, alhali kaɗan ne suka tsaya suka tambayi wane ne ke gadin wannan ajiya, kuma ta wace hanya zai sanar da su idan ta shiga matsala.

Aikin da muhallinsa

Bincikena na digiri na uku ya shafi waƙoƙin niƙa da na daka na mata a kudancin Jihar Sakkwato. Na zaɓi ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe saboda dalilai biyu. Na farko, can ne dangin mahaifiyata suke, kuma mai neman waƙar cikin gida ba ya samunta sai da sanayya. Na biyu, injin niƙa ya shiga kusan kowane ƙauye, dutsen niƙa ya koma kusurwar gida, waƙoƙin da ake yi a kansa kuwa sun rage a bakin tsofaffi kawai. A cikin waƙoƙin nan akwai habaici ga kishiya, da kukan amaryar da aka kai nesa, da kirarin 'ya'ya. Akwai kuma Sakkwatanci tsantsa, inda ake jin "hw" a gurbin "f", da "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce", a bakin da makaranta ba ta gyara masa furuci ba.

Kasancewata namiji, ba kowane gida nake iya shiga ba. Saboda haka wata ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyata, malamar firamare a ƙasar Kebbe, ita ta ɗauki nauyin zama da tsofaffin da ƙaramar rakoda. Takan zagaya ƙauyukan da ke wajen Kuchi da Girkau, idan memorin rakodar ya kusa cika sai ta zo Tambuwal ta juye. Garin Tambuwal, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a cikinsa a matsayin ribaɗi, yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari da Dogon Daji ta nufi Jega, don haka ya fi mana sauƙin haɗuwa. A ɗakin zauren kawuna muka ajiye wata ƙaramar kwamfuta da ke aiki da sola da batir. A cikinta muka kafa rumbun bayanai da manhajar PostgreSQL, wadda ta samo asali daga wani aikin bincike da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1986. Kowace waƙa tana shiga da sautinta, da ranar ɗauka, da ƙauyen, da shekarun mai waƙar bisa ƙiyasi, da rubutun da na yi mata daga baya. Akwai kwamfuta ta biyu a ɗakina a Sakkwato, wadda ke karɓar kwafin duk abin da ya shiga ta Tambuwal ta hanyar sadarwar wayar salula.

Yadda gadin yake aiki

Ƙanena, wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta, shi ya tsara wannan duka, kuma shi ya dage a kan cewa rumbun da ba shi da mai gadi ba rumbu ba ne. Ya yi amfani da wata tsohuwar ƙa'idar sadarwa da ake kira SNMP, wadda aka fara wallafa ta a 1988 domin masu kula da manyan hanyoyin sadarwa su riƙa sanin halin da na'urorinsu ke ciki ba tare da sun je gaban kowace ɗaya ba. A 1994 aka fitar da wani jadawali na musamman na abubuwan da za a iya tambayar rumbun bayanai ta wannan hanya. Tsarin yana da sassa biyu. A jikin na'urar da ake gadi akwai ƙaramar manhaja da zan kira wakili, wadda ta san yawan wurin da ya rage a faifan ajiya, da zafin na'ura, da ko rumbun yana aiki ko ya tsaya. A can nesa kuma akwai mai lura, wanda a wurinmu manhajar Zabbix ce a kwamfutar Sakkwato. Idan mai lura ya sami mummunan labari sai ya turo saƙon tes zuwa wayata, kamar yadda alat na banki ke shigowa.

Labari yana tafiya tsakanin wakili da mai lura ta hanyoyi biyu, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan rubutu. Hanya ta farko zan kira ta kururuwa: wakili yana zaune shiru, sai wani abu ya auku, misali faifai ya cika kashi 90 cikin 100, sannan ya jefa saƙo. Wannan saƙo yana bin hanyar da ake kira UDP, wadda ba ta jiran shaidar isa. Wakili ya yi kira ya koma bakin aikinsa, ko an ji ko ba a ji ba. Hanya ta biyu zan kira ta gaisuwa: mai lura ne da kansa ke tuntuɓar wakili lokaci bayan lokaci, a wurinmu kowane minti biyar, yana tambayar lafiyar faifai da ta rumbu. Idan ya yi sallama sau da yawa ba a amsa ba, rashin amsar kansa ya zama labari, sai ya turo mini cewa ba a ji daga Tambuwal ba.

A watannin farko na ji daɗin wannan tsari. Wata rana da tsakar bazara saƙo ya shigo cewa na'ura ta yi zafi fiye da kima. Na kira kawu, ashe yara sun rufe tagar zauren. Wata rana kuma aka sanar da ni rumbun ya tsaya, aka duba aka tarar ƙura ta rufe farantin sola, batir ya ƙare. Kowane saƙo yana da dalili, kowane dalili yana da magani. A hankali zuciyata ta koyi wani lissafi da ban taɓa furta shi ba: in waya ta yi ƙara akwai matsala, in ba ta yi ba lafiya lau.

Saƙon da na kashe da hannuna

Da damina ta kankama a 2021, sadarwa ta riƙa yankewa duk lokacin da hadari ya taso. Mai lura zai yi sallama bai sami amsa ba, sai ya tashe ni da ƙarfe biyu na dare da cewa ba a ji daga Tambuwal ba. Kafin asuba sadarwa ta dawo, ya sake turo cewa an ji. A wasu darare sai hakan ta faru sau uku. Ga kuɗin data da gaisuwar minti biyar-biyar ke ci, ga barcin da nake rasawa ina tsakiyar rubuta babi. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Na kira ƙanena na ce ya kashe wannan saƙo, ya bar na cikar faifai da na tsayawar rumbu.

Ya ce, "Yaya, duk sauran saƙonnin injin ne ke faɗarsu da bakinsa. Wannan kaɗai ne ke gaya maka lokacin da bakin ya toshe."

Na ce, "Kashe shi dai. In an yi kaka, ruwa ya ɗauke, sai mu mayar."

Ya kashe, domin ni ne babba kuma aikin nawa ne. Daga ranar ya zama ba mai zuwa gaishe da na'urar Tambuwal. Sai dai in ita ta yi kururuwa.

A cikin watan Agusta ƙanwata ta gano wata tsohuwa a wani ƙauye a ƙasar Kebbe, wadda duk matan yankin suka ce ba wanda ya kai ta sanin waƙar niƙa. Da farko ta ƙi, tana cewa abin kunya ne tsohuwa ta yi waƙar ƙuruciya a gaban jikoki. Bayan ziyara ta uku ta yarda, ta sa aka jawo mata dutsen da ta daina amfani da shi, ta ce ba ta iya waƙar sai hannunta na kan ɗan dutse. Ta kuma ba da saƙo a kawo mini: "Ki hwaɗa ma yaron ga, in da abin da shika biɗa shi yi hanzari, don dutsi ya riga ni yin shiru." Na yi dariya da na ji, na rubuta maganar a littafina a matsayin misalin azanci.

Makonni biyar

A farkon Satumba 2021 aka rufe sadarwar wayar salula a Jihar Zamfara a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Kafin watan ya ƙare aka ɗauki irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Tambuwal. Ban kawo wannan don in ɗora wa matakin laifin abin da ya same ni ba. Mutanen da aka yi shi dominsu suna fuskantar abin da ya fi asarar waƙa nesa ba kusa ba. Na kawo shi ne domin shi ya jarraba tsarin da na riga na raunana.

Na san sadarwa ta yanke, kowa ya sani. Hankalina ya tafi ga dangi, ina neman labarinsu a bakin direbobi a tasha. Game da na'ura kuwa, abin da na ƙudurta shi ne kwafin da ake turowa Sakkwato ya tsaya, kuma zai ci gaba duk ranar da hanya ta buɗe. Wayata ba ta yi ƙara ba, kuma watanni sun riga sun koya mini fassarar wannan shiru. Da a ce wani ya tambaye ni ta ina saƙon zai bi ya iso, da na amsa daidai cewa babu hanya. Amma ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambayi kaina ba. Ga jita-jitar hanya, ga aikin jami'a, sai na yi ta ɗaga tafiya daga wannan mako zuwa wancan har makonni biyar suka shuɗe.

Ranar da muka isa ni da ƙanena, mun tarar da na'urar a kunne, fitilarta tana ci, rumbun kuwa ya daɗe da tsayawa. Bayanin da ya yi mini shi ne wannan. PostgreSQL yana rubuta kowane canji a wani kundi na musamman kafin ya shigar da shi cikin rumbu, kamar yadda ɗan kasuwa ke fara rubuta ciniki a ƙaramin littafi kafin ya mayar da shi babba. Daga wannan kundi ake turo wa kwamfuta ta biyu kwafi. Mun saita shi ta yadda ba zai share ko shafi ɗaya ba sai kwamfutar Sakkwato ta tabbatar ta karɓa. Da hanya ta yanke, sai ya riƙe amana ya yi ta tara shafuka, kuma da yake sautin waƙoƙin ma a cikin rumbun muke zuba shi, kowace juyewa tana cin wuri ninki biyu. Faifan ƙarami ne, bai daɗe ba ya cika. Tun fitowar PostgreSQL 13 a 2020 akwai damar sa wa wannan tari iyaka. Mu ne ba mu sa ba. Manhajar ta yi abin da muka umarce ta, ba ƙari ba ragi.

Ƙanwata ta zo juyewa sau huɗu a cikin waɗannan makonni. Biyun farko sun shiga lafiya, su ne ma suka ƙarasa cika faifan. A biyun ƙarshe ta sa memori kamar yadda ta saba, ƴar manhajar da muka rubuta ta jero mata sunayen fayiloli a fuskar kwamfuta, ta ga kowane suna ya bayyana, sai ta share memorin domin ta sami wurin sabon ɗauka. Haka muka koya mata. Sunayen sun shiga, amma ba ko sautin numfashi a ƙarƙashinsu. Daga cikinsu akwai zama uku da aka yi da tsohuwar nan a kan dutsenta. Muka gwada ceto su daga memorin, sai muka tarar sabon ɗauka ya hau kansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kundin ayyukan wakili. Ƙanena ya buɗe shi, muka ga layi bayan layi: faifai ya kai kashi 90, faifai ya kai kashi 95, faifai ya cika, rumbu ya tsaya. Bai yi sakaci ko sau ɗaya ba. Ya yi ta kira dare da rana zuwa ga mutumin da ke nisan kusan kilomita ɗari, ta hanyar da ta toshe, alhali wadda ke tsaye a gabansa da memori a hannu ba a tsara ya ce mata komai ba.

Na shirya komawa ƙauyen da kaina in roƙi tsohuwar ta maimaita. Kafin in samu hali, ana cikin yankan gero, Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta da rahama.

Abin da muka gyara

Ƙanwata ta zauna ta rubuto abin da ta iya tunawa, wata jikar marigayiyar ma ta kawo wasu ɗiyoyin waƙa. Na gode musu, kuma abin da suka kawo yana da amfani. Sai dai duk manazarcin waƙar baka ya san rubutu ba ya riƙe inda murya ta karye, da inda numfashi ya bi tafiyar dutse, da dariyar da ta biyo bayan habaici. Waɗannan su ne rabin abin da na je nema.

Gyaran da muka yi guda huɗu ne, kuma ina ganin duk mai ajiye bayanan bincike a wajen gari zai amfana da su. Na farko, mun mayar da gaisuwa, amma mun daidaita ta da halin wurin: mai lura ba ya tashe ni don yankewar rabin sa'a, sai an yi sa'o'i shida ba amsa, daga nan kuma yana maimaitawa kowace safiya tare da ƙidayar kwanaki. Ba zan yi rantsuwa cewa irin wannan saƙo zai sa in hau mota a wancan lokaci ba, amma mutumin da ake gaya wa kullum cewa yau kwana goma sha biyu ba labari, ba ya samun sukunin da na samu. Na biyu, mun sauya kururuwar da wani nau'in saƙo da aka ƙaro a siga ta biyu ta SNMP, wanda ke jiran shaidar karɓa ya kuma sake aikawa idan bai samu ba, don wakili ya san ko an ji shi. Na uku, mun sa wa tarin kundin canje-canje iyaka, mun kuma fitar da sauti daga cikin rumbu zuwa faifai na dabam. Na huɗu, wanda na fi ba muhimmanci, mun ba na'urar bakin yin magana da wanda ke kusa da ita, da Hausa. Yanzu bayan kowace juyewa tana gwada girman abin da ta karɓa da na abin da ke memori. In sun yi daidai ta rubuta da kore, "An ajiye, ana iya sharewa." In ba su yi ba ta rubuta da ja, "Kada a share, ba a ajiye ba."

A nan akwai aikin da ya rataya a wuyan masana Hausa. Mun daɗe muna tattauna ƙirƙirar kalmomin kimiyya da fasaha a tarurruka, amma galibi muna tsayawa a jerin sunaye. Saƙon gargaɗi wani nau'in rubutu ne mai zaman kansa: dole ya zama gajere, ya faɗi abin da ya faru, ya faɗi abin da za a yi, kuma ya dace da wanda zai karanta shi cikin gaggawa. Mun shafe yini muna muhawara ni da ƙannena biyu a kan ko a rubuta "ba a ajiye ba" ko "bai shiga ba", har ƙanwata ta yanke hukunci da cewa umarnin ya fara zuwa kafin dalili, domin hannu ya fi ido sauri. Mataimakan bincike da ke yi mana aiki a ƙauyuka, da ma'aikatan asibitocin karkara da masu shagunan cirar kuɗi, duk suna tsaye a gaban na'urorin da ke yi musu gargaɗi da harshen da ba nasu ba, ko kuma suke aika gargaɗin can wani ofishi su tsallake su.

Kammalawa

Kakanninmu ba su bar lafiyar tsoho ga ƙarfin muryarsa ba. Sun wajabta wa yaro ya je ya durƙusa kowace safiya ya ce ina kwana, saboda sun san wanda ya fi buƙatar taimako shi ne sau da yawa ba ya iya kira. Da suka ce zumunta a ƙafa take, har da wannan suke nufi. Injiniyoyin da suka tsara SNMP sun iso ga wannan matsaya ta tasu hanyar, shi ya sa suka tanadi tambaya a gefen kururuwa. Ni da na gaji hikimar ta fuska biyu, na yar da ita don barcin dare.

Fayiloli ukun nan ban share su ba. Suna nan a rumbun da sunayensu da ranakunsu, girman kowanne sifiri, kuma na sa su a jadawalin kundina tare da bayanin abin da ya same su, domin mai karatu ya san a wannan ƙauye an yi wata mace da ta san abin da ban iya kawo masa ba. Kowace safiya bayan sallar asuba saƙo yana shigowa wayata cewa Tambuwal lafiya. Ranar da bai shigo ba nakan kira kawu, in kira bai shiga ba kuma nakan nufi tasha.